Rigar da Kaifi Ya Ƙona

A bakin lungunmu akwai wani tsohon gidan bene. A ƙarƙashin matakalarsa akwai ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya, ba taga. In mutum ya shiga ya miƙe sosai, sai kansa ya bugi siminti. A nan Kaifi ya yi sana'ar guga tun gashin kanmu yana baƙi. Ni kuma ina ɗinkin takalmi a rumfar da ke kallonsa, kwata ce kawai tsakaninmu da ɗan faɗin lungu. Yawancin abin da zan faɗa a kansa da idona na gani. Wanda ban gani ba, daga bakinsa na ji ko daga bakin matarsa.

Direbobi ne suka laƙaba masa Kaifi, domin in ya goge wando, karin gugar yakan tsaya kamar bakin wuƙa. Wani daga cikinsu ya taɓa cewa tsoron ɗora hannu a cinyarsa yake yi, kada ya yanke. Sunan ya bi shi har aka manta da na ainihi. Yana saurayi ya shigo garin, ya yi ta ɗebo wa wani tsohon mai guga ruwa. Da ƙarfin tsohon ya ƙare, sai ya bar masa tebur da bargo da dutsen guga.

Dutsen baƙin ƙarfe ne mai nauyi, irin wanda ake buɗe bayansa a zuba garwashi. A goshinsa akwai ɗan zakaran ƙarfe da ake murzawa a kulle murfin. Mariƙinsa na katako ne, ya lotsa daidai tafin hannun Kaifi. Gawayin ma ba saya yake yi ba. Guntayen katakon da kafintoci ke zubarwa yake kwasowa, ya ƙona a cikin tsohuwar ganga a bayan gidansa.

Yana da tsarinsa na aiki wanda bai taɓa sauyawa ba. Kafin ya hura wuta, sai ya jera kayan a gefen tebur, masu kauri a sama, marasa kauri a ƙasa. Yakan ce wuta tana da ƙuruciya kuma tana da tsufa. In garwashi na tashen ƙuruciya, kaki da zannuwan gado ake ba shi. In ya fara natsuwa, sai rigunan auduga. In toka ta rufe shi, ƙarfen ya yi ɗumi kawai, lokacin ne na siliki da sauran yadi mai laushi. Ba ya tofa yawu a ƙarfe, ba ya kai shi kusa da kunci kamar yadda wasu ke yi. Hannunsa ya riga ya san cewa in ya iso ƙasan tulin, wutar ta tsufa. Kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ƙona wa kowa ko da hankici ba.

Mutum ne mai surutu. Kurma yake kirana, don ba na yawan amsa masa.

"Kurma, an tashi lafiya? Ka riƙa gaishe ni da ladabi fa. Aikinka a ƙasa yake, cikin taɓo da kashin kaji. Nawa yana sama, kusa da zuciya."

"Har yau ban ga wanda riga ta kai shi kasuwa ba," in ji ni.

"Ka ji shi! Ashe yana da baki."

Matarsa ce ke wankin kayan a gida, shi ya ɗauko su a ka da safe. 'Ya'yansu maza biyu ba su yi nisa da karatu ba, ɗaya ya bi makanikai, ɗaya ya tafi lodin manyan motoci, sai a jima ba a ji ɗuriyarsa ba. Saura Auta, mace, wadda Allah ya ba ta kai. Tun tana ƙarama takan tsaya a rumfata ta karanta rubutun da ke ƙasan takalman mutane da ƙarfi, ta gaya mini ƙasar da aka yi su. Aikin jinya take so, kuma ba a shiga makarantar jinya sai da sakamakon jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Wannan jarrabawa ita ce abu ɗaya da Kaifi ya sa a gaba. Ba ya zancen gina gida, ba ya zancen faɗaɗa shago. In ya gaji da rana, sai ya miƙe bayansa a bakin ƙofa ya ce, "Auta dai ta zauna jarrabawar nan, in ajiye ƙarfen nan in zo in taya ka warin ƙafafun mutane."

A shekarar da Auta ta shiga ajin ƙarshe, wata mota mai lasifika ta zagaya unguwanni tana shela cewa hukuma ta hana hura gawayi a cikin gari. An ce hayaƙinsa na ɓata iska, kuma ana ƙarar da itatuwa. Duk mai sana'a da wuta ya koma lantarki. Wanda ya ga maƙwabcinsa yana hura gawayi kuma ya yi shiru, shi ma ya yi laifi.

Kaifi ya fito da mafici a hannu ya bi motar da kallo.

"Lantarki? Wace lantarkin? Ko tare da ita suka zo a cikin motar?"

Aka yi dariya. A unguwarmu wuta baƙuwa ce. Takan zo ba sallama, ta tafi ba sallama, wani lokaci a yi kwanaki ba a gan ta ba. In ta zo ma, sau da yawa ƙwan fitila ja yake yi kamar idon mai zazzaɓi.

Da farko kowa ya ɗauka irin dokokin nan ne da ake shelarsu a manta. Ba haka ta kasance ba. Aka ɗauki samari aka ba su riguna masu launi ɗaya da motar ɗaukar kaya. Shugabansu a shiyyarmu wani siririn mutum ne mai sanyin murya, wanda ba ya karɓe kayan kowa sai ya fara gaishe shi. Shi ya sa muke kiransa Sannu-da-Aiki. Suka kwashe murhun mai shayi, suka kwashe na matar da ke gashi a bakin titi. Mutane suka fara kallon juna a kaikaice. Mai shayi ya daina gaisawa da mai kanti, don yana zargin shi ya kai shi.

Kaifi ya koma yin guga a ɓoye. Ya riƙa rufe ƙofar ɗakin nan marar taga, ya toshe ƙasanta da tsumma. Wata rana na ji shiru ya yi yawa, na tura ƙofar na same shi zaune a ƙasa, kansa a jingine da ƙafar tebur, idanunsa sun juya. Da ƙyar na ja shi waje. Da matarsa ta ji, sai ta zo har lungu, abin da ba ta saba yi ba.

"Baban Auta, so kake ka mayar da ni gwauruwa saboda wandon direba?"

"To me za mu ci? Iskar da suke gyarawa?"

"Ka bar ƙofar a buɗe, in kamawa ce su kama. Gara in kai maka abinci a ɗaure da in kai ka makabarta."

Ya riƙa barin ƙofar a ɗan buɗe. Ba a daɗe ba, wata safiya motar ta tsaya a bakin lungu. Sannu-da-Aiki ya sauko, ya tsallake kwata a hankali don kada takalminsa ya ɓaci.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, yallaɓai, sannu da zuwa."

"Kamar ina jin ƙanshin wani abu."

Kaifi bai yi ƙarya ba. Ya ɗaga dutsen ya nuna masa.

"Yallaɓai, ban sare bishiyar kowa ba. Guntayen kafinta ne, waɗanda ko ban ɗauka ba a bola za a ƙona su."

"Baba, doka ba ta ce gawayin bishiya ko gawayin kafinta ba. Gawayi ta ce."

"To in ba wuta fa? Yau ma babu."

"Wannan ba ɓangarenmu ba ne, na kamfanin wuta ne. Su za ka yi wa magana."

Ɗaya daga cikin samarin ya karɓi dutsen, nauyinsa ya kusa fizge masa hannu. Bai san yadda ake buɗe shi ba, sai da Kaifi da kansa ya murza masa zakaran. Aka juye garwashin a kwata, ya yi cuu, tururi ya tashi. Kaifi ya roƙi a bar masa ko da mariƙin katakon ne, tun da shi ba ya hayaƙi. Sannu-da-Aiki ya yi murmushi ya ce kayan shaida ne, ba a rage komai a cikinsu. Aka jefa dutsen a bayan mota kan tulin murhuna.

Bayan 'yan makonni aka tara masu guga a wani fili, aka sa su layi a rana, aka ba kowa dutsen lantarki tare da ɗaukar hoto. Kaifi ya dawo yana wasa da nasa a hannu.

"Kurma, taɓa ka ji. Kofin shayi ya fi shi nauyi. Da wannan zan danne kaki?"

A bayan dutsen akwai wani ɗan abin murzawa mai ƙananan rubutu. Yarinyar da ta raba musu ta nuna musu shi a gurguje, ta ce a nan ake ƙara zafi ko a rage. Amma da yake wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi, ko an ƙure shi da ƙyar ƙarfen ke ɗumi. Kaifi ya murza shi har ƙarshe, ya bar shi a nan, ya manta da shi.

Daga nan ya zama mai gadin ƙwan fitila. Ya rataye ƙwai a saman tebur, ya sa kujera a bakin ƙofa ta yadda zai riƙa hango shi. In ya kama, sai ya zabura kamar an tsikare shi, ya goge riga biyu ko uku, a ɗauke. Ya tambayi batun janareto, aka ce shi ma sai da izini, kuma ba a ba ɗakin da ba shi da taga. Masu kawo kaya suka yi haƙuri iyakar haƙurinsu. Direba ba zai fita aiki da alkawari a jikinsa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wani babban gidan wanki da aka buɗe a bakin titi, mai ƙofar gilashi, wanda injinsa ke ruri dare da rana da cikakken izini. Sai 'yan tsofaffin abokan hulɗa suka rage, masu jin kunyar idonsa.

Ana cikin haka, hukumar ilimi ita ma ta fito da tata. Ta ce daga yanzu duk makarantu kaya iri ɗaya za a sa, kuma ba tela ne zai ɗinka ba. A shago ɗaya ake sayarwa, wanda hukuma ta zaɓa. A kwalar kowace riga an saƙa tambarin hukuma, kowane aji da launin tambarinsa. Duk ɗalibin da bai sa ta ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. An ce wai don kada ɗan mai kuɗi ya fi ɗan talaka ado. Tsofaffin kayan Auta na auduga, waɗanda uwarta ta ɗinka mata da faɗi don su kai ta ƙarshen karatu, suka zama na zaman gida.

Matar Kaifi ta yi ta sintiri shagon nan. Yau a ce babu lamba irin ta Auta, gobe a ce mai makulli bai zo ba. Da aka samu, guda ɗaya aka ba ta, aka ce kaya sun ƙare sai an sake kawowa. Kaifi ya kawo mini rigar in gani. Fara ce, mai sheƙi, santsi kamar leda. Ya murza ta tsakanin yatsunsa ya taɓe baki.

"Wannan ba yadi ba ne. Da shi ake ƙulle sukari."

Ranar da za a fara jarrabawa, Kaifi ya iso lungu da sassafe, da ƙullin wanki a ka, rigar Auta a rataye a kafaɗa. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa sai da Auta ta ce masa, "Baba, bar ta haka, wannan yadin ba ya son guga." Shi kuwa ya ce, "'Yar Kaifi ta shiga jarrabawa da riga a yamutse? Me za a ce da ni a gari? Ki shirya ki biyo ta shago ki karɓa."

Yana buɗe ƙofa ƙwan ya kama, fari tas, irin hasken da muka jima ba mu gani ba. Ya yi kabbara. Ya kwance ƙullin ya jera kaya yadda ya saba, kaki a sama, auduga a tsakiya, rigar Auta a can ƙasa, tun da ita ce mafi laushi. Duk wanda ya san aikinsa ya san nan ne wurinta.

Rabon da in ga yana aiki irin na ranar tun kafin a karɓe dutsensa. Ƙarfen ya yi zafi sosai, kaki yana kwanciya da shafa ɗaya. Yana yayyafa ruwa da yatsu, tururi na tashi, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ya leƙo ya ce, "Kurma, yau kamfanin wuta ma ya san Auta na da jarrabawa!" Tulin ya yi ta raguwa. Ya gama kaki, ya gama zannuwa, ya gama auduga. Ya ɗauko rigar Auta ya shimfiɗa a kan bargo, ya miƙar da kwalar, domin kullum daga kwala yake farawa.

A hannunsa, wutar ta tsufa. Amma dutsen lantarki ba ya tsufa. Yadda ya fara da kaki, haka yake.

Ban ji ƙara ba, wari na ji, irin na leda in ta faɗa wuta. Na ɗaga kai na ga Kaifi ya ɗaga dutsen, rigar ta biyo shi a manne. Ya fizge ta da hannu. Rabin kwalar ya narke, ya dunƙule ya yi baƙi. Inda tambarin yake, rami ne.

Ya tsaya yana kallon rigar, ya kalli dutsen, ya sake kallon rigar. Yatsunsa sun ƙone bai ma sani ba. Na tsallaka na zare wayar daga soket.

"Ai na iso ƙasa," ya ce. "Kurma, ka gani ai, na iso ƙasa."

A haka Auta ta same mu. Tana sanye da siket ɗin makaranta da tsohuwar rigarta, alƙalumanta a hannu. Ta karɓi rigar ta juya ta. Ba ta yi kuka ba.

"Ba komai, Baba," ta ce.

Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

Muka yi ta dabara a tsaye. Na ce in yanko daga ƙasan rigar in yi wa kwalar faci, amma faci ba zai dawo da tambari ba. A ari ta wata yarinya? 'Yan ajinta duk suna sanye da nasu, na ƙananan aji kuma launin tambarinsu daban. Shagon hukuma bai buɗe ba, ko ya buɗe ma babu kaya. A ƙarshe ta shiga ɗakin ta sa rigar a haka. Kaifi ya ce zai raka ta ya yi bayani da bakinsa. Na rufe akwatin kayan aikina na bi su.

A ƙofar makaranta 'yan mata sun yi layi. Wani mutum mai tabarau da hukuma ta turo don sa ido yana tsaye, kowace yarinya sai ya duba kwalarta kafin ta wuce. Shugabar makarantar tana gefensa. Da aka zo kan Auta, sai ya ɗaga hannu.

"Ina tambarin?"

Kaifi ya matso ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, ni ne ubanta. Rigar hukuma ce, daga shagonku aka saya. Ni na ƙona ta yanzu da safen nan. Ga hannuna ka gani."

"Allah ya sauwaƙe. Amma ba hannu aka ce in duba ba, tambari aka ce."

"Ka dubi yadin, ranka ya daɗe. Akwai telan da ke da irin wannan?"

"Baba, ba ni na yi dokar ba. In na bar ta, gobe kowa ya ƙona kwalarsa ya ce ta hukuma ce."

Shugabar makarantar ta sa baki. Ta ce ta san yarinyar tun ajin farko, ba ta da na biyu a ajinsu, kuma da idonta ta gan ta da rigar nan da tambarinta a makon da ya wuce.

Mutumin ya juya ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, in an zo daga sama ana tambaya, ke za ki ɗauki nauyin?"

Ta dubi Auta, ta dubi ƙasa. Mace ce mai 'ya'ya, saura kaɗan ta yi ritaya. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban san ko ina gani ba.

Kaifi ya durƙusa. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba sai tebur, ya sa gwiwoyinsa a ƙasa a gaban yara.

"Ranka ya daɗe, ni na yi laifi. In tara ce a ci ni, in ɗauri ne a ɗaure ni. Ita me ta yi? A cikin kanta karatun yake, ba a kwala ba."

"Tashi, Baba, kana tare hanya. Ta samo wata rigar ta dawo baɗi."

"Gobe fa? In an samu rigar yau?"

"Wanda bai zauna takardar farko ba, ba ya zama sauran. Haka tsarin yake."

Auta ce ta kama hannunsa ta tashe shi, ta kakkaɓe masa gwiwa. Ƙawayenta suna wucewa suna waiwayenta. Aka buga ƙararrawa, mai gadi ya ja ƙofa yana ba mu haƙuri a hankali don kada a ji shi. Muka juyo muka dawo lungu.

A ranar Kaifi ya ninke kayan mutane ya bi su gida-gida ya mayar. Bai sake buɗe ɗakin ƙarƙashin matakala ba. Ya ce hannun da ya ƙona rigar 'yarsa ba zai taɓa ta wani ba. Na yi masa magana, matarsa ta yi, bai ji ba. Gaskiya ma ko ya buɗe, aikin ya riga ya mutu. Ya samu gadi a wani gini da ake yi, da aka gama ginin aka sallame shi. Daga nan sai ya riƙa zuwa rumfata ya zauna a benci, yana miƙo mini ƙusa da zare.

Gida kuwa sai an ci, ga matarsa ta kwanta ciwo, kullum sai an sayi magani. Babban gidan wankin nan na bakin titi yana neman 'yan mata masu iya karatu, su riƙa karɓar kaya suna ninkewa. Auta ta je aka ɗauke ta. Ta ce na ɗan lokaci ne, kafin baɗi.

Baɗin na zuwa, sai ga Sannu-da-Aiki a lungunmu, wannan karon ba mota. Ya yi ƙiba. Ya gaishe mu, ya ce albishir ya kawo wa Baba. Hukuma ta sake duba lamarin, yanzu an yarda a hura gawayi, muddin irin wanda hukuma ke sayarwa ne a cikin buhu mai hatimi. Shi ne ma wakilin sayarwa a shiyyarmu.

"Shi ba ya hayaƙi?" in ji Kaifi.

"Yana yi, amma da izini."

"Dutsena fa?"

"Ai waɗannan an daɗe da sayar wa masu narka ƙarfe, Baba. Ka nemi wani."

Duk da haka maganar ta shiga ran Kaifi. Ya kwana biyu yana zagaya 'yan gwangwan, har ya gano wani tsohon dutse marar murfi, ya ce maƙeri zai iya yi masa. Na ga ƙafarsa ta ɗan yi sauri.

A makon ne Auta ta tsaya a rumfata da safe, igiyar takalminta ta tsinke. Ta zauna a ƙarshen benci da ƙafa ɗaya a kan ɗaya, rigar gidan wanki a jikinta. Ina ɗinki, Kaifi ya yi gyaran murya.

"Auta, na ji an fara ɗaukar sunayen masu jarrabawa."

"Na ji, Baba."

"An halatta gawayi. Na samu dutse. Zan koma aiki, ke kuma ki koma makaranta."

"Wa zai kawo maka kaya, Baba? Duk a wurinmu suke. Ni nake karɓa."

"Za su dawo. Sun san hannuna."

"Makarantar ma ba za su karɓe ni ba. Wanda ya yi shekara a waje sai ya je cibiyar hukuma, ita kuma da rana ake karatu. In na bar aiki, maganin Inna fa?"

"Wannan nawa ne, ba naki ba. Ke dai ki ɗauko littattafanki ki fara dubawa."

Ta zuba wa basillata ido tana shiga tana fita.

"An canza littattafan bana. Na da ba sa aiki."

"Karatu ai karatu ne. Ki fara da su."

"Na bayar da su, Baba. Mai kanti ya karɓa yana ƙunshe kaya da su."

"Duka?"

"Duka."

Na yanke zaren na miƙa mata takalmin. Ta sa, ta taka ta ji ya zauna.

"Na gode, Kawu. Baba, sai na dawo. In na makara ana yanke mini."

Ta tsallake kwata ta nufi titi da sauri. Kaifi ya bi ta da ido har ta sha kwana. Can maƙerin ya aiko a tambaya ko a fara aikin murfin. Kaifi ya ce a gaya masa ya bari.